Rigar da Ba Ta da Baya

Safana,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya. Ina gajiyar hanya, ina baƙunta, yaya kika sami Gwaggonki da yaranta? Allah ya sa kin shiga Katsina da ƙafar dama, ya tsare ki a gida da kan titi, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin nan. Babanku yana gaishe ki. Ya ce in gaya miki shi bai damu da tafiyarki ba, amma tun da kika tafi kullum sai ya leƙa ɗakinki ya ce tsintsiya yake nema.

Na zaɓi in rubuto miki takarda ne saboda na san halinki a waya. In na fara magana sai ki yi ta cewa "to Inna, to Inna," alhali ina jin yatsanki yana yawo a kan gilashi. Takarda ba ta da wurin dannawa, dole ki zauna ki karanta.

Kin ce aikin da aka ɗauke ki a shagon ɗinkin nan shi ne ki zauna da mai kawo ɗinki, ki gaya wa na'ura irin rigar da take so, na'ura ta zana, sannan a miƙa wa teloli. Ku kuna ce mata eyai, a rediyo ana cewa ƙirƙirarriyar basira, ni dai na'ura nake ce mata, don ba mu saba ba har in kira ta da suna. Babanku har yau bai gane yadda za a ɗauki mutum aiki don ya yi hira da waya ba. Ni na gane, domin a unguwarmu ni ce telar farko da abin nan ya kayar, kuma a bainar jama'a. Kin san farkon labarin ankon bikin garin Zakka, kin ji ƙarshensa a bakin mutane, amma tsakiyarsa ta faru kina Batsari wajen jarrabawa. Yau zan ba ki shi yadda ya faru, ki tsinci abin da zai amfane ki.

Na fi shekara ashirin a kan keke. A da in mace ta kawo hoto, ko daga kalandar ɗinki ko na wani biki, ban taɓa jin tsoro ba. Na san rigar da ke jikin matar, wani tela ne mai hannu biyu irin nawa ya yanka ta ya haɗa. In na ƙura ido zan gano inda ya ɓoye zif da inda ya ci yadi. Da wannan zuciyar na karɓi wayar Hajiya Lanti, matar Alhaji Mamman mai nama, ranar da ta shigo tana haki ta ce ɗanta Auwalu zai auri yarinya a Zakka, kuma ta ji dangin amarya har Katsina suka kai ɗinkinsu.

"Hajara, mu tara ne masu ɗaukar amarya," in ji ta. "So nake in mun shiga garin nan, mai daka ta ajiye taɓarya. Ga abin da ƙanwata ta turo daga Kaduna."

Na duba. Wata mata ce doguwa kamar giginya, tana tsaye a wani fili mai fitilu. Siket ɗin ya kama ta tun daga ƙugu har ƙasan gwiwa, sannan ya buɗe kamar faifai. Hannayen rigar kuwa sun tashi sama gefe da gefe, kamar zakara zai yi cara. Ke kina bayana kina tsinke zare, kika leƙo kika ce, "Inna, wannan ai ba mutum ba ce. Na'ura ce ta zana."

Na ce, "Ba mutum ba ce, da idonta da hancinta har da ɗankunne?"

Kika ce, "Wallahi Inna babu ita a duniya, rigar ma babu ita."

Hajiya Lanti ta kalle ni ta ce, "In ya fi ƙarfinki ki faɗa, in aika Katsina." Wannan maganar ce ta kashe ni. Na ce mata ba a haifi rigar da za ta gagare ni ba. Ta ce kada in canza ko allura ɗaya, yadda na gani haka take so. Na ce an gama.

To ki ji darasi na farko, Uwani. In yarinya ta fi ki sanin abu, ki saurare ta ko da ke kika haife ta. Kuma duk ranar da kika ji bakinki zai ce "an gama" don kawai an ambaci wani tela, ki tashi ki sha ruwa tukuna.

Ranar kasuwar Batsari na shiga neman atamfar. Na zaga rumfa rumfa ina nuna hoton, har na kai ga wani dattijo da na daɗe ina sayen yadi a wajensa. Ya sa tabarau, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Malama Hajara, kin lura da furen nan?"

Na ce na lura.

"A ƙirji fure ne. A ciki ya koma ganyen rogo. Kafin ya kai gwiwa, ni dai kan zabo nake gani. Wannan atamfar ba a saƙa ta ba tukuna, kuma ina jin wanda zai saƙa ta yana bukatar addu'a."

Maimakon in tsaya nan in yi tunani, sai na ce ya ba ni wadda ta fi kama da ita. Na dawo gida na shimfiɗa yadi, na ajiye wayar Babanku a gefe da hoton a ciki, na fara neman inda aka haɗa rigar. Babu ɗinki ko ɗaya. Babu zif, babu maɓalli, babu ta inda kai zai shiga. Kamar an narka atamfar an zuba wa matar a jiki. Abin da ya fi damuna shi ne bayan rigar. Na juya wayar da hannuna, wallahi na juya ta, ban ga komai ba sai baƙin murfi. Duk telar da ta san aikinta ta san matsattsen siket yana bukatar tsaga ko tattara a baya don ƙafa ta sami hanya. Na san wannan tun kafin a haife ki. Amma hoto bai nuna tsaga ba, Hajiya kuma ta ce kada a canza ko allura, sai na rufe bayan ruf.

Saura hannaye. Na sa gam mai taurara yadi, suka kwanta. Na ninka gam na zuba sitati, suka ɗan ɗaga suka sake kwanciya kamar kunnen akuya. Daga ƙarshe na kwance wayar shanyarmu, na karɓi filayar Babanku, na lanƙwasa ta na zura a cikin shafi. Ya shigo ya same ni a tsakiyar ƙarafa, ya tsaya ya ce, "Hajara, ɗinki kike yi ko akurkin kaji?" Na ce masa maza ba su san ado ba. Ya ce haka ne, ya tambaya ko a ina za a shanya wandonsa yanzu.

Gaskiyar magana, da na gama, rigunan sun yi kama da hoton. Da suka zo gwaji na tsayar da su ɗaya bayan ɗaya a gaban madubi, kowace ta ɗora hannu a ƙugu yadda matar hoto ta yi. Kin san Hajiya Lanti, Allah bai ba ta tsawo ba amma ya cika mata ta sauran wurare. Ta kalli kanta ta ce, "Haka nake so." Wata ƙanwar Alhaji ta ce a hankali, "Yaya Hajara, kamar ba na iya lanƙwasawa." Na ce mata sabon ɗinki ne, zai saki.

Wannan shi ne na biyu, kuma ki riƙe shi da kyau don shi ne aikinki. Matar da ke cikin hoto ba ta zama. Ba ta cin tuwo, ba ta goyo, ba ta alwala, ba ta sunkuyawa ta gaida surukarta. Wadda ke gabanki kuwa duk za ta yi waɗannan kafin la'asar. In kin zana riga, ki sa na'urar ta nuna miki bayanta da gefenta, sannan ki kai wa telan da zai ɗinka tun kafin mai kaya ta gani ta kamu da so. In ya ce ba za ta ɗinku ba, kada ki ce ai ga ta a hoto. In an zo gwaji kuma, ki ajiye tabarma kusa da madubi.

Ranar ɗaukar amarya aka kawo bas. Ta farko ta sa kai, hannayen riga suka tokare ƙofa. Ta gwada ta gefe, siket ya hana ƙafa hawa. Aka yi cirko cirko a ƙofar gida, har Alhaji Mamman ya ce a wanke a-kori-kurar da yake ɗauko raguna da ita. Aka kafa benci, aka ɗora turmi, aka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya aka jera a baya, kowace ta kama ƙarfe. Hajiya Lanti ta ce ai hakan ma ya fi, gari zai gan su da kyau. Kuma ya gan su. Ni da tsofaffi muka shiga bas muna biye, don aikin bai bar ni na ɗinka nawa ankon ba. Daga baya an ce da gangan na ƙi, amma Allah ya sani lokaci ne ya ƙure.

Muka isa Zakka. Abin da Hajiya ta nema ta samu, don masu daka sun ajiye taɓarya, har awaki sun daina kiwo. Zauren gidan amarya ƙarami ne, sai a karkace suka shiga, suna tafiya taku ƙanana kamar an ɗaure musu ƙafa. A tsakar gida an shimfiɗa sababbin tabarmi, an jera kwanonin waina da miyar taushe da ƙwaryar fura. Aka ce bismillah, a zauna. Mu tsofaffi muka zauna. Su tara suka tsaya.

Aka sake cewa a zauna. Suka yi murmushi, suka ce ai ba komai. Gaisuwa ma a tsaye suka yi ta, babu wadda ta rusuna. Ina kallon fuskokin dangin amarya suna canzawa. Can sai kakar amarya, tsohuwar da ake kira Iya Abu, ta dogara sanda ta fito tsakiya.

"Mutanen Safana, mi muka yi muku?" in ji ta. "Tabarmarmu ce ba ta kai ku zauna ba, ko abincinmu ne kuke ƙyama? Kun shigo gidan mutane kuna buɗe kafaɗa, ko gaisuwa babu mai duƙawa. In tun yau haka za a yi mana, ina ga an kai yarinya? Ku koma. Jikata ba ta fita gidan nan."

Daga ɗaki muka fara jin kukan amarya, kuma ba kukan al'ada ba ne. Na buɗe baki in yi bayani, na rasa ta inda zan fara. In ce wata mata ce da babu ita a duniya ta jawo?

Hajiya Lanti ta kalle ni, kallon da har yau nake gani in na rufe ido. Sannan ta ce, "Iya, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. Ga zama." Ta yi bismillah ta tafi ƙasa gaba ɗaya. Siket ya yage tun daga ƙasa har ƙugu, da ƙara irin ta yaga sabon yadi a kasuwa. Zif ya fashe, wayar hannun dama ta fito ta kama ɗankwalin matar da ke kusa da ita. Hajiya ba ta ko motsa fuska ba. Ta jawo mayafi ta rufe, ta ce, "Ina wuni, Iya. Mun same ku lafiya?"

Da sauran suka ga uwar ango ta sadaukar, sai suka bi ta. Ɗaya bayan ɗaya suka zauna, kowace da irin ƙararta. Iya Abu ta tsaya tana bin su da ido har ta ƙarshe, sannan ta zauna a kan turmi ta yi dariya har sandarta ta faɗi. Da ta sami numfashi ta ce, "Wa ya yi muku wannan aika-aika?" Yatsu tara suka nuno ni. Ta ce a ƙara mini waina, wai na sha aiki.

Aka buɗe akwatuna aka fito musu da zannuwa da riguna na aro, suka ci suka sha, suka yi alwala da hannun riga mai naɗuwa. Aka ba mu amarya da rana tsaka, muka kamo hanya tun da sauran haske. A bas kowa ya sami wurin zama.

Aure ya tsira, amma ni ban tsira ba. Hajiya Lanti ta daina yi mini magana, ko a gidan gaisuwa muka haɗu sai ta gyara mayafi ta kalli bango. A unguwa in yaro ya ƙi zama sai a ce ko Hajara ce ta yi masa ɗinki. Ni kuma sai na ɗora laifin duka a kan na'ura. Duk wadda ta shigo da hoto a waya, kafin ta gama sallama na nuna mata ƙofa. Wata baiwar Allah na kora, ashe hoton rasuwar kawunta ta zo nuna mini. Kafin a cire amfanin gona, kekena ya yi shiru har gizo ya fara auna shi.

Na uku ke nan. Abu ya ba ki kunya sau ɗaya, ba dalili ba ne ki yi gaba da shi. Na'ura ba ta san na yi fushi ba. Mata dai suka ɗauki yadinsu suka kai inda za a duba wayarsu.

Kin tuna ranar da kika gaji da ganina zaune, kika ajiye waya a kan keke kika ce in yi mata magana da kaina. Na fara da sallama, na tambaye ta gajiya da iyali, kina ta dariya. Ni dai ban iya sa wani aiki ban gaishe shi ba. Na ce ta zana mini rigar mace gajera mai jiki, wadda za ta hau babur kuma ta yi alwala. Ta zano wata mata a kan babur da buta a hannu, tana wanke ƙafa babur yana gudu. Na ce kin gani, ba ta da hankali. Kika ce in rage zance in faɗi abu ɗaya ɗaya. Muka yi ta yi, har ta fito da wani yankan wuya, mai ɗan karkata zuwa kafaɗar hagu da tattara uku ƙanana.

Ban gaya miki ba a lokacin, amma wuyan nan ya ɓata mini rai. Shekara ashirin ina yanka wuya, bai taɓa zuwa mini a kai ba, kuma yana da kyau, kuma zai ɗinku. Na yini ina jin haushi. Washegari na yanka shi a ragowar yadi, ya zauna daram. Saboda haka kada ki ji tsofaffin teloli suna cewa abin nan shirme ne kawai ki biye musu don ki faranta musu. Yana da ido. Abin da ba shi da shi, bai taɓa taɓa yadi ba, bai san leshi yana ja ba, shadda kuma ba ta yafe kuskure. Wannan ke za ki kawo, don kin girma a gindin keke. Kuma ina roƙonki, kada ki taɓa ɗora zanen na'ura a waya ki rubuta cewa ɗinkin shagonku ne, ko da mai shago ya ce ki yi. Ki ce zane ne. Wata tela tana can wani ƙauye za a kai mata shi, ita ma tana da wayar shanya.

Da matar Auwalu ta haihu, ana saura kwanaki suna, sai ga sallamar Hajiya Lanti a tsakar gidanmu. Muka gaisa kamar baƙi. Ta zauna, ta fito da waya, ta miƙo mini. Wata doguwar ce kuma, wannan karon da wata riga mai jela.

Na ce, "Hajiya, ina bayanta?"

Ta ce, "Ba a turo da baya ba."

Na ce, "To ba zan iya ba. Ya fi ƙarfina." Ban taɓa faɗa wa mai kawo ɗinki wannan kalmar ba, kuma da na faɗa ban mutu ba.

Ta sake duba hoton. Can ta ce, "Ni ma na san ba za ta yiwu ba. Hajara, ni fa ba rigar nake kallo ba. Wuyan matar nake kallo. Tun ina budurwa nake son dogon wuya."

Na ce mata wannan sai dai a aljanna, amma akwai abin da zan gwada. Na ɗinka mata bubu mai faɗi da wuyan nan mai karkata. Ranar gwaji ta tsaya a madubi, ta juya hagu ta juya dama, ta ce kamar an ƙara mata yatsa biyu. Sannan da kanta ta jawo tabarma ta zauna, ta miƙe, ta sake zama, muka kasa kunne mu biyu. Ba mu ji komai ba. Ranar suna ta aiko mini da cinyar rago.

Ki kula da wannan in kin zauna da mata a shagonku. Da yawa za su nuna miki riga, amma abin da suke so yana wani wuri a cikin hoton. Ki yi haƙuri ki saurara har ki gano shi, kuma kada ki zana wa mace jikin da ba nata ba don ta yi murmushi a shago ta je gida ta yi kuka.

Saura magana ɗaya. Hoton da kika turo na isarki ya zo. Na kai wa Babanku yana zaune a ƙofar gida, ya karɓa ya nisanta shi da ido, ya kawo kusa, ya ce, "Masha Allah. Ɗiyar wa ce?" Na ce taka ce. Ya ce shi ɗiyarsa tana da wushirya, tana da tabo a goshi inda ta faɗo daga kan jakin Kawunta a ƙauyen Babban Duhu, kuma ba ta kai wannan fari ba ko da an wanke ta da toka. Ya miƙo mini wayar ya shiga gida.

Don Allah ki sa Gwaggonki ta ɗauke ki wani, a tsakar gida, da rana, kada ki bari na'ura ta taɓa shi. Wannan ɗin ta yi kyau, amma ba ita muke kewa ba.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki taya Gwaggonki aiki kafin ta nema. In za ki zo gida ki taso da safe, kada ki yarda yamma ta same ki a hanya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sa albarka a idonki da hannunki, ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara